Kwamfutar da Baba Ya Ɗaga

Mahaifina bai taɓa yarda da ido ba a wurin sayayya. Ɗagawa yake yi. In aka miƙo masa tukunya, ko kwaɗo, ko dutsen guga, sai ya ɗora a tafin hannunsa na dama, ya ɗan yi sama da abin ya yi ƙasa, ya karkatar da kai kamar mai sauraren magana daga nesa, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa iri biyu ne kawai. Ko ya ce, "Wannan zai ga jikoki," ko ya ce, "Wannan ba zai kai baɗi ba." In ka ce masa ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai ya ce ido fenti yake gani, hannu ne ke jin ƙarfe.

Shagon kayan ƙarfe yake da shi a kasuwar Keffi tun kafin a haife ni. Kwanuka, bokitai, fitilu, risho, kwaɗuna, duk abin da in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi salati. A unguwarmu ta Tudun Ƙofa, in za a haɗa wa yarinya kayan ɗaki, iyayen ba sa biya sai sun ce, "A kira Malam ya ɗaga." Har daga Jigwada ana zuwa ɗaukarsa. Na tuna wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Eggon da ya zo ƙofar gidanmu da kekunan ɗinki biyu a bayan a-kori-kura, don kawai Baba ya ɗaga ya zaɓar wa matarsa ɗaya. Ba a biyansa komai a wannan aiki, goro ne da godiya. Amma in ya dawo daga irin wannan kira, tun daga takunsa a zaure muke sanin yau ba wanda za a yi wa faɗa.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai wannan" nake. Da na samu aiki a wata ma'aikata a Abuja sai na koma "Ma'aikaci", kuma a haka na tsaya.

Sai gari ya canja a kan idonmu. Aka ba mu jiha, aka faɗaɗa titin Abuja, jami'a ta zo, gonakin da muke satar mangwaro a cikinsu suka koma ɗakunan haya na ɗalibai. Waɗanda hayar Abuja ta kora suka yi ta gangarowa, daga Mararaba zuwa Masaka, har suka iso mu. Masu sayen kaya suka yi yawa, amma ba irin masu sayen da Baba ya sani ba. Ƙanena, wanda ya karɓi shagon, ya cika shi da roba da tukwanen silba marasa kauri, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ake nema ke nan. Shi ya ba ni labarin ranar da wata ɗaliba ta zo sayen bokiti, Baba yana zaune a bakin shago. Ya karɓi bokitin robar ya ɗaga, ya ce mata, "'Yata, wannan ba zai kai baɗi ba." Ta yi dariya ta ce, "Baba, wa ya ce miki ina so ya kai? Bana nake gamawa." Hausarta ba ta nuna ba, har "miki" ta ce masa, amma ya gane maganar sarai.

Daga baya idanunsa suka fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe ragowar. Ragowar ma ba ta riƙu ba. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma zaure da rediyonsa, wata tsohuwa mai nauyin gaske da ya zaɓa da kansa. Mutane ba su daina gaishe shi ba, Keffi ba ta lalace haka ba. Amma gaisuwa daban, kira daban. Ba wanda ya ƙara cewa a kira Malam ya ɗaga.

A cikin wannan hali na samu gurbin karatun digiri na biyu a jami'ar garinmu. Ba son ilimi kaɗai ya kai ni ba, gaskiya ɗaya ce. Na gaji da ganin yaran da na koya wa yadda ake buɗe fayil suna tsallake ni saboda takarda. Karatun na ma'aikata ne, Juma'a da yamma da kuma Asabar. Sauran ranakun kuwa na titi ne. In an idar da sallar asuba nake shiga mota, mu yi gudu har Masaka, daga nan sai tafiyar hawainiya ta Mararaba da Nyanya, inda mai tallan burodi a ƙafa yake wuce ku ya dawo ya sake wuce ku. Da yamma a maimaita. In na iso gida ba ni da sauran ƙarfin karanta ko rubutun jikin kwalin ashana. Na duba rayuwata kaf, na ga ba ni da wani lokacin karatu sai wannan zaman na cikin goslo.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar ƙabilar Mada da muke shiga mota ɗaya, ita ta riga ta gama nata digirin. A cikin motar nan ta yi shi, a kan idona, da tabilet a cinya, wato wannan allon mai kama da babbar waya. Da ta ji na samu gurbi sai ta ce, "Oga, ka ji shawarata, kar ka sayi kaya. Ka sayi abin da za ka riƙe da hannu ɗaya in an matse ka a baya. Batir ɗinsa yana kai yini. Rubutu kuma ka sa masa ɗan kibod, ko ka yi a kwamfutar ofis lokacin hutu."

Ban tsaya a maganarta ba. Ni mutum ne mai ƙwaƙwa, ko takalmi zan saya sai na zaga kasuwa. Na tambayi wanda ya sani da wanda bai sani ba. Masu laftof suka ce kundin bincike ba a rubuta shi da shafar gilashi, akwai lissafin da tabilet ba ta iyawa. Masu tabilet suka ce yawancin karatun karantawa ce, ba rubutawa ba, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, batir shi ne sarki. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi wa amarya irin wannan bincike ba. A ƙarshe na tsaya a kan tabilet, in kuma ba ita ba, to laftof siririya mara nauyi. Har na je Sabon Gari na yi magana da wani mai shagon kwamfutoci, wani ɗan ƙabilar Alago mai fara'a da muka saba, ya ce zai ajiye min duka biyun in zo in ɗauki ɗaya.

Sannan na je gaya wa Baba labarin karatun. Ya yi murna, ya yi addu'a mai tsawo. Sai ya ce, "To, me ake bukata?"

Na ce, "Ba wani abu mai yawa, Baba. Kwamfuta ce kawai zan saya."

Ya rage muryar rediyo. Sai ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ranar da za ka saya, ka biyo ta nan."

Shekara da shekaru mutumin nan bai roƙe ni komai ba, ko maganin idonsa sai mun yi da gaske yake faɗin ya ƙare. Kuma na san hannun nan. Na san abin da zai ce in aka ɗora masa tabilet.

Da na gaya wa matata sai ta ce, "Baban yara, kai za ka yi karatun ko Baba? Ka saya a Abuja ka kawo masa ya sa albarka, shi ke nan." Na yi mata faɗa ranar, faɗan da ba shi da kai ba shi da gindi, don na san gaskiya ta faɗa. Ta bar ni na gama, ta ce, "To Allah ya ba da sa'a. Amma kafaɗarka ce."

Na yi wa kaina dabara a zuci. Na ce ai abu biyu ne kawai mai shagon zai fito da su, kuma duka biyun ina so. Baba ya ɗaga, ya zaɓi wadda ta fi nauyi a cikin marasa nauyi, kowa ya samu abin da yake so.

Ranar Asabar da hantsi na isa gidanmu da mai keke-napep. Inna ta tare ni a tsakar gida ta raɗa min cewa tun da safe ya yi wanka yake jirana. Na same shi a zaure cikin farar babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya sa hula, ya shafa turare, sandarsa a jingine a gwiwa. Ban ga rigar nan a jikinsa ba tun bikin autarmu. Na kama hannunsa muka shiga keke. A hanya yana ta tambaya, nan ina ne, nan fa. In na faɗa sai ya ce, "Allah mai iko, da nan fadama ce."

Shagon yana tsakanin garejin kanikawa da wata coci, mawaƙanta suna ta gwajin waƙar Lahadi. Mai shagon ya fito da gudu, ya durƙusa ya gaida Baba, ya kawo masa kujera. Sannan ya ɗauko tabilet ya ɗora masa a hannu.

Baba ya yi sama da ita ya yi ƙasa. Ya juya ta, ya shafa bayanta. Ya ce, "Ina sauran?"

Mai shagon ya ce, "Baba, ita ke nan gaba ɗaya."

"Wannan ai faranti ne. Me za a zuba a ciki?"

Aka miƙo masa laftof siririyar. Ya ɗaga, ya karkatar da kai, ya ɗan daɗe, har na fara sa rai. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ba za ta kai baɗi ba. Ɗana, duk kayan shagon ke nan? Ba ka da na gaske?"

Na yi ta yi wa mai shagon ido, amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, kuma dattijo ne ya tambaye shi. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wata baƙar laftof ta hannu, 'yar tokumbo, mai kauri kamar ƙaramin akwati. Sai da ya hure mata ƙura. Ya ɗora wa Baba a hannun dama, hannun ya yi ƙasa, Baba ya yi maza ya tallafa da na hagu.

Ina ganin fuskarsa a lokacin nan har yanzu. Ya yi sama da ita ya yi ƙasa, ya karkatar da kai, sai duk wata gajiya ta shekarun zaman zaure ta sauka daga goshinsa. Ya ce, "Yauwa. Wannan za ta ga jikoki."

Na matso kusa da kunnensa, na yi ƙasa da murya. Na ce, "Baba, su waɗannan kayan ba kamar tukunya ba ne. A wurinsu mara nauyin shi ne sabon yayi, shi ya fi tsada, shi ya fi aiki. Wannan tsohuwa ce, masu ita sun gama da ita suka turo mana."

Ya ce, "Haka aka ce mana da roba ta zo."

Na ce, "A mota zan riƙa karatu, Baba. Ba ta buɗuwa a mota."

Bai yi gardama ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya lalubi kanta ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "To, Ma'aikaci, kai ne mai karatu, kuma guminka ne. Ni dai an ce in ɗaga, na ɗaga." Sai ya ɗora hannayensa biyu a kan sandarsa, ɗaya bisa ɗaya.

Ba wanda ya ce ya ɗaga. Shi ya ce in biyo, kuma ya san da haka, ni ma na sani. A lokacin wani dattijon bakanike daga garejin gefe ya leƙo yana goge hannu da tsumma, ya ƙura wa Baba ido, sai ya ce, "A'a! Ba Malam ba ne mai ɗagawa? Malam, kai ka zaɓi tukwanen matata, wallahi suna nan, 'yarmu ma a ciki aka dafa abincin bikinta." Ya juya ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da yake ba su labari. Kafin ka ce kwabo bakin shagon ya cika, kowa yana tambayar wacce Malam ya zaɓa.

Na dubi tabilet ɗin a kan kanta, na dubi hannayen nan biyu a kan sanda. Na ce wa mai shagon, "Sa mana baƙar a jaka."

Yana sa ta, ya juya harshe zuwa Turancin kasuwa don kada Baba ya ji. Ya ce kar in damu, in dawo da ita ranar Litinin ya canja min, ai tsohon ba ya gani. Na gyaɗa kai. Har zuciyata na yi niyyar yin haka, na ma ji daɗin yadda abin ya zo da sauƙi.

A keke Baba ya ƙi bari in riƙe jakar. A cinyarsa ya ɗora ta, ya rungume, har Tudun Ƙofa. Da na zaunar da shi a zaure, ya miƙo min ita, ya ce, "Duk Asabar in ka taso daga makaranta ka biyo da ita in ji lafiyarta."

Nan maganar Litinin ta mutu. Mai shagon ya yi gaskiya, tsohon ba ya gani. Amma ba da ido zai duba ba.

Ba zan ce zaɓin Baba ya yi daidai ba, don bai yi ba, kuma jikina ne shaida. Batir ɗinta, in na cika shi dam, ko rabin sa'a ba ya yi yake mutuwa. Cajarta kaɗai ta kai rabin bulo. In ta yi zafi fankarta na ƙara kamar injin markaɗe, a aji sai malami ya dakata ya ce, "Wa ya tayar da janareto?" Sunan ya bi ta, har abokiyar aikina in na shigo mota sai ta ce, "A matsa wa Oga da janaretonsa." Sau ɗaya na gwada buɗe ta a bayan mota, mu huɗu a jere, gwiwar hannuna ta shiga haƙarƙarin wani bawan Allah, ya ce min in ofis nake so in sauka in kama haya. Daga ranar na koma karatu a wayata, ina ƙanƙance ido a kan ƙananan haruffa, har ni ma na ƙare da tabarau. Abokan karatuna suka yi gaba da kundinsu, ni na ƙara zango guda a baya. Wannan zangon ya yi min ciwo, don a cikinsa aka yi ƙarin girma a ofis, ba ni a ciki.

Kafaɗar kuwa, matata ce ke shafa mata man zafi. Tana shafawa tana cewa, "Za ta ga jikoki kam, in mai ɗaukarta ya kai." Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in ce ta bar ni da abin da ke damuna.

Akwai wata rana da damina, a Nyanya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina gudu in kama mota, igiyar jakar ta tsinke. Ta faɗi a kan kwalta da ƙarar da ta sa mutane suka waiwayo. Wallahi abin da ya fara zuwa zuciyata farin ciki ne. Na ce alhamdu lillahi, ƙaddara ta raba mu, ba laifina, ba laifin Baba, gobe sai Sabon Gari. Na iso gida na goge ta, na jona ta da wuta, na danna. Ta yi gurnaninta ta kunnu, kamar ba abin da ya faru, sai ɗan lotsawa a gefe ɗaya. Na zauna ina kallonta, na rasa ko in gode ko in zage ta.

Duk Asabar kuwa ina biyawa. In na yi sallama, kafin mu gama gaisawa ya miƙo hannu. In rataya masa jakar a yatsu, ya yi sama ya yi ƙasa, ya ce, "Tana nan." Ranar da ya shafo lotsawar ya tambaya, na ba shi labarin faɗuwar, ban gaya masa farin cikin ba. Ya ce, "Da farantin nan ne fa?" Na ce da an share shi da tsintsiya. Ya yi dariya har da tari. Wani lokaci yakan ce in karanta masa abin da nake rubutawa, in fassara masa da Hausa. Ba ya kai shafi guda yake fara gyangyaɗi. Ba karatun ya dame shi ba.

Duk baƙon da ya shigo zauren sai ya ji labari. "Ma'aikaci yana karatun da ke sama da digiri. Na'urar da yake yi da ita ni na zaɓa masa." Labari ya zaga unguwa, wataƙila da taimakon bakaniken nan. Wani maƙwabci ya kawo fanka biyu Malam ya ɗaga. Wata mata ta kawo injin niƙan kayan miya. Har wayoyi aka riƙa kawowa, kuma ina da tabbacin akwai mutane a Tudun Ƙofa da suka yi shekaru suna yawo da wayar da ke yage aljihu saboda mahaifina. Ba su da yawa, ba kamar da ba. Amma Inna ta ce ya koma tambayar ko an wanke farar rigarsa.

Ban san daidai lokacin da na fara lura ba. Da farko da hannu ɗaya yake ɗaga jakar, sai ya koma sa biyu. Daga baya ya daina ɗaga ta daga ƙasa, sai in ɗora masa a cinya, ya zura tafukansa ƙarƙashi ya ɗan motsa ta. Cin abincinsa ya ragu, rigunansa suka yi masa yawa. Wata Asabar, a bakin ƙofa, na zare cajar da littattafai biyu na bar su a wurin mai keke, don jakar ta yi masa sauƙi. Yana karɓa ya tsaya. Ya ce, "An rage wani abu."

Na ce, "Caja ce na manta, Baba."

Ya ce, "Kar ka ƙara mantawa. Abu in ba cikakke ba ne ba a sanin lafiyarsa." Ban ƙara ba.

Ana saura kaɗan in kare kundina a gaban malamai, ciwon ya kwantar da shi. Wata safiya ƙanena ya kira ni ya ce Baba ya kwana bai runtsa ba, sai an kai shi asibiti. Ban je aiki ba ranar. Na zo da mai keke har bakin zaure, amma daga shimfiɗarsa zuwa ƙofar nan ƙafafunsa sun ƙi. Ƙanena ya tafi neman wanda zai kama mana. Na ce ba sai an jira ba.

Na durƙusa, na zura hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ɗaya a bayansa. Na tattara ƙarfina kamar zan ɗauki buhun masara, don mutumin da na sani ke nan, wanda yake sauke dilar tukwane daga mota shi kaɗai. Na yunƙura, sai na kusa faɗuwa ta baya. Babu komai a hannuna. Ƙashi ne da riga.

Ya ji yadda na yi. Ba yadda za a yi ya kasa ji, kansa yana jingine a ƙirjina. Na tsaya a tsakiyar zauren da shi a hannu, ban yi gaba ba ban yi baya ba. Sai ya ce, can ƙasa-ƙasa, "To, Ma'aikaci, ka ɗaga. Faɗi abin da hannunka ya ji."

Na ce, "Za ka ga tattaɓa-kunne, Baba, in sha Allahu."

Ya ɗan yi dariya, na ji ta a jikina fiye da a kunnena. Ya ce, "Ban koya maka haka ba. In ka ɗaga, ka faɗi gaskiya ko mai kaya zai ji haushi."

Hawaye suka zubo min, ba ni da hannun sharewa, suka sauka a hularsa. Na taka a hankali na kai shi keke, na zauna da shi a jikina har asibiti, kamar yadda ya riƙe jakar nan ranar da muka dawo daga Sabon Gari.

Bai kai baɗi ba. Na kare kundina bayan an yi sadakar arba'in, kuma a kan baƙar kwamfutar na nuna wa malamai aikina, fankarta na ta gurnani, ba wanda ya yi maganar janareto.

Daga baya na sayi tabilet, da ita nake karatu a mota yanzu, kuma abokiyar aikina ta yi gaskiya a duk abin da ta faɗa. Baƙar tana nan a falo a kan teburi. Batir ɗinta ya mutu gaba ɗaya, sai an jona ta da wuta take tashi. 'Ya'yana ke yin aikin makaranta a kanta, jikokinsa, suna ƙorafin tana da jinkiri. In za a share teburin, duk wanda zai matsar da ita sai ya sa hannu biyu.